Keken Mijin Leposava

Ran da Vitomir ya shigo da kwalin, matarsa Leposava tana kicin tana yanka albasa. Ta ji tsayuwar lifta, ta ji mabuɗi yana ta kokawa da ƙofa, ta yi tsaki. Shekara talatin da 'yan kai mutumin nan yana buɗe ƙofa ɗaya, har yau bai gane ta wane gefe ake murɗa mabuɗinta ba. Can sai ga shi ya shigo da baya, yana jan wani faffaɗan kwali, yana haki kamar wanda ya yi dambe da sa.

"Me kuma ka kwaso mana?"

"Keke ne, Lepa."

"Keke a kwali? Na wa? Na jikan da ba mu da shi?"

"Nawa ne. Irin mai ninkewa ne. Tsaya ki gani."

Ta tsaya, wuƙa a hannu, ido na zubar da ruwan albasa. Ya durƙusa a tsakiyar falo ya fito da wani dunƙulallen ƙarfe kore, ya ɓalle nan, ya ja can, ya ɗaga sirdi, ya miƙe kai, sai ga keke tsaye a kan dardumarta. Tayoyin ba su fi farantin da take zuba wa baƙi nama ba. Sirdin ya yi tsiri sama kamar wuyan zalɓe. Vitomir ya dafa shi yana murmushi, irin murmushin yaron da ya kawo wa uwarsa mataccen tsuntsu yana jiran yabo.

"Duk birnin Novi Sad," in ji ta, "ka rasa abin da za ka saya sai abin wasan biri. A ina za ka ajiye shi? A kaina?"

"Ai shi ne amfaninsa. Bayan ƙofa ma ya ishe shi."

Ya sake ɓalle-ɓallensa, keken ya koma dunƙule, ya tura shi lungun da ke tsakanin ƙofa da durowar takalma. Ya shige kuwa, har da sauran wuri. Wannan shi ya fi ba ta haushi, don da bai shiga ba da ta sami abin faɗa.

Gidan nasu ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na shida, a unguwar Detelinara. Baranda ta cika da kwalaben barkonon da take jiƙawa saboda hunturu, ƙarƙashin gado ya cika da barguna. Leposava ba a irin wannan akurki ta tashi ba. Ubanta babban mahauci ne, mai gida da tsakar gida da bishiyoyin tuffa, mutumin da idan ya yi gyaran murya karnukan layi suke shiru. Ta auri Vitomir a lokacin yana ɗalibin injiniya, yana da gashi, ya iya rawa. Karatun bai ƙare ba, gashin ya zube, rawar ma ta tafi. Abin da ya rage shi ne wani ɗan guntun mutum mai sanyin murya, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa yana sauka ƙarƙashin gine-ginen mutane da tocila yana duba mitar ruwa. Sau uku ya je gwajin tuƙin mota, sau uku ya faɗi, daga nan ya ce shi dama bas ya fi masa kwanciyar hankali. Ita kuwa ta yi aikinta a babban kanti, ita ce shugabar sashen yadi, 'yan mata goma suna rawar jiki idan ta shigo. Ta daɗe da yanke wa kanta hukunci cewa an cuce ta a auren nan, kuma ba ta ga dalilin ɓoye wa kowa ba, balle shi.

Washegari ta leƙa ta taga ta gan shi a ƙasa. Ya buɗe keken a gaban gini, ya soke bakin wandonsa cikin safa, ya hau. Ƙafafunsa suna ta wulwulawa da sauri, keken yana tafiya a hankali, kamar ɓera a cikin gwangwani. Maƙwabciyarsu Ilonka, wata bazawara mai yawan fara'a da ke zaune a ɗakin da ke kallon nasu, ta tsaya da jakar cefane tana ɗaga masa hannu.

Da suka haɗu a bakin lifta Ilonka ta ce, "Maƙwabciya, na ga mutumin naki! Wallahi ya yi kyau, kamar saurayi."

"Saurayin fara ba," in ji Leposava. "Tsufa ne ya zo masa ta ka. Wasu mazan idan sun ajiye aiki su gina gidan gona, nawa ya sayo abin da yaro ɗan shekara bakwai zai ji kunyar hawa."

"Ai motsa jiki ne."

"Motsa jiki? In motsa jiki yake so ga labule can yana jiran a rataya tun kafin Kirsimeti."

A farkon watan Mayu aka yi slava, ranar waliyyin dangin Vitomir. Kamar kowace shekara Leposava ta yi kwana biyu a tsaye: miyar kaza, sarma, wato niƙaƙƙen nama a naɗe cikin ganyen kabeji, gasasshen ɗan rago, kek kala huɗu. Aka kunna kyandir, aka gutsura burodin biki, baƙi suka cika falon har gwiwa na gugar gwiwa. Vitomir, a matsayinsa na mai gida, bai zauna ba, yana ta zagayawa da kwalba yana cika kofuna. Babbar kujerar da ke gaban tebur kuwa ta Ratko ce, yayan Leposava, mai manyan motocin dakon kaya, mai tumbi da murya irin ta ubansu. Tun daga ƙofa ya fara ƙorafin cewa ya rasa inda zai ajiye motarsa, wai unguwar nan an gina ta ne don masu tafiyar ƙafa.

"Yaya, ai da ka tambayi surukinka," in ji Leposava. "Shi motarsa a bayan ƙofa yake ajiye ta. Vito, fito da ita mana su gani."

"Bari dai, Lepa, ana cin abinci."

"Fito da ita! Kunyar me kake ji? Ba kai ka saya ba?"

Ya ajiye kwalbar ya ɗauko. Aka matsar da ƙafafu, ya buɗe shi a ɗan filin da ke tsakanin tebur da talabijin. Dariya ta ɓarke tun kafin ya gama. Ratko ya share hawaye da bayan hannu.

"Suruki, da batir yake aiki ko da mabuɗi ake murɗa shi ta baya?"

"Ku bar shi," in ji Leposava, tana zuba wa matar Ratko miya. "Sau uku hukuma ta ce bai iya riƙe sitiyari ba. Yanzu ya sami abin da ba a tambayar lasisi. In ya gaji ya ninke shi ya rungume, su dawo gida tare. Ni ban san wa yake ɗaukar wani ba a cikinsu."

Aka sake kwashewa. Ratko ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga ƙafa ya haye. Sirdin ya nutse, tayar baya ta baje a kan darduma, ƙarfen tsakiya ya yi ƙara. Ya fara sukuwa a kai yana kaɗa ƙararrawa, yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa.

"Sauka."

Da farko ba wanda ya gane daga bakin wa maganar ta fito. Vitomir ne, yana tsaye, kunnuwansa sun yi ja.

"Na ce ka sauka, Ratko. Ba naka ba ne."

Ratko ya dubi ƙanwarsa, ya sauka yana dariyar yaƙe. Leposava ce ta ceci taron.

"Kun ji zaki ya yi ruri! Shekara talatin ban taɓa jin ya yi kishina haka ba. Yaya, ka yi hankali, ka taɓa masa amarya."

Dariya ta dawo, aka ci gaba da ci. Vitomir ya ninke kekensa, garin sauri maɗaurin ya datse masa ɗan yatsa, ya tsotse jinin, ya mayar da keken lungunsa, ya ɗauki kwalba ya ci gaba da cika kofuna. Da baƙi suka watse ta yi masa tatas a kan cin fuskar da ya yi wa yayanta a gaban mutane. Ya saurara har ta gama, yana goge kofuna, bai ce uffan ba. Ba ta yi mamaki ba. Yaushe ya taɓa cewa?

Daga wannan makon ya fara nisa. Da can bakin kogin Dunav yake zuwa ya dawo kafin abincin rana. Yanzu sai ya tashi da sassafe, ya yanka burodi da cuku ya ƙunshe, ya hau keken zuwa tasha, ya ninke shi ya shiga jirgin ƙasa da shi kamar jaka. Ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, takalmansa da taɓo, rigarsa tana ƙarnin kifi da hayaƙi. Fuskarsa ta yi duhu saboda rana, abin da ta ce ya sa ya yi kama da ɗan dako.

Ba ta tambaye shi inda yake zuwa ba. Tambaya girmamawa ce, ita kuwa ba ta ga abin girmamawa a yawon tsoho da keken yara ba. Gaskiya ma ta ji daɗin gidan. Ba mai bin ta kicin yana tambayar inda almakashi yake, ba mai tari a bayan jarida. Wani lokaci yakan fara, "Lepa, yau na ga wani tsuntsu a bakin ruwa..." sai ta ce, "Cire min takalman nan daga kan darduma tukuna," shi ke nan maganar ta mutu.

Cikin bazara ta lura tarkacensa suna raguwa. Tsohuwar rediyon da ke saman firji ta ɓace. Baƙar tukunyar da ya gada daga uwarsa, wadda ta sha cewa ko kare ba za ta ba wa abinci a ciki ba, ita ma ta tafi. Sai akwatin kayan gyaransa, sai kwat ɗin nan mai gwiwar hannu a fashe. Kullum zai ɗaure abu ɗaya a kariyar keken da igiyar roba ya fita. Leposava ta ce wa Ilonka, "Allah ya shirye shi a ƙarshe. Shekara nawa ina cewa ya zubar da sharar nan? Ashe sai da ya sami abin ɗauka daidai hankalinsa."

Wata ranar Talata a watan Oktoba rana ta faɗi bai dawo ba. Ta dafa wake, ta ci nata, ta rufe nasa. Tana wanke faranti waya ta yi ƙara.

"Lepa, ni ne."

"Na san kai ne. Wa zai kira ni yana numfashi kamar tunkiya? Jirgin ne ya bar ka, ko motar taka ce ta yi faci?"

"Ina Beshka, a bakin kogi. Stevan da muka yi aiki tare, ɗansa ya tafi da shi Jamus. Ya bar min ɗakinsa na kamun kifi. A nan zan zauna."

"Yau?"

"A nan zan zauna, Lepa."

Dariya ta yi, dariya ta gaske, har ta dafa bango. "Kai? Kai da ba ka iya dafa ƙwai ba? To zauna. Idan sanyi ya murɗe maka ƙugu ka san hanyar tasha. Kada dai ka shigo min da taɓo." Ta ajiye wayar kafin ya amsa, ta juye wakensa a roba ta sa a firji.

Ta ba shi kwana uku. Da suka wuce ta ƙara masa mako, saboda ta san taurin kan marasa ƙarfi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Ta buɗe durowarsa don ta ga abin da zai dawo nema, sai ta tarar da maratayan tufafi suna lilo, babu komai sai kwat ɗin aurensu da taye biyu. A nan ne ta gane cewa sharar da ake ta fitarwa duk bazara ba bola take zuwa ba. A gaban idonta mutumin nan ya yi ƙaura, cokali bayan cokali, tana tsaye tana yi masa Allah-san-barka.

'Yarsu Tijana ta kira daga Beograd. "Mama, na yi magana da Baba. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ku ba shi lokaci."

"Lokacin me? Jariri ne da za a jira ya yi haƙori?"

Rashinsa bai hana ta barci ba, haka ta gaya wa kanta. Abin da ya hana ta shi ne bakin mutane. Mai sayar da burodi ya tambaya, matar hawa na uku ta tambaya. Ilonka kuwa ta kawo mata kek a faranti, ta zauna a bakin kujera tana wasa da zobenta.

"Maƙwabciya, kada ki ji haushina. Tsofaffi sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ko dai akwai wata a can?"

Leposava ta kalle ta sama da ƙasa. "Wata? Wace makauniya ce za ta kwashi Vitomir?"

Amma maganar ta zauna mata. Da daɗewa ba ta ji abin da ya yi mata daɗi kamar wannan zargin ba. In mace ce, to abin ya zama labari irin na mutane: ga muguwa, ga wadda aka zalunta, ga wanda za a ja wa kunne a dawo da shi. Ranar Lahadi ta sa kwat ɗinta mai gashi a wuya, ta sa takalma masu tsini, ta shafa jan baki, ta kira Ratko.

"Yaya, zo ka kai ni in ɗauko wawan nan."

Ratko ya zo da baƙar motarsa mai kama da ɗakin amarya. Duk hanya yana faɗin abin da zai gaya wa surukin nasa, yana dukan sitiyari. Suka wuce Beshka, suka bi ta gonakin inabi da aka riga aka girbe, kwalta ta ƙare, tsakuwa ta ƙare, hanya ta zama wani ɗan siririn layi mai gangarawa kogi tsakanin ƙayoyi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Wani tsoho mai tura baro ya ɗaga musu hannu ya ce mota ba ta shiga.

"Irin taku ce ba ta shiga," in ji Ratko, ya taka mai.

Ba su yi nisa ba motar ta zame, ta karkata, ta zauna a cikin taɓo har ciki. Ratko ya taka, tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa laka har saman gilashi. Ya fito ya nutse har idon sawu, ya shiga zagin hanyar, da wanda ya yi ta, da uwar wanda ya yi ta.

"Je ki kira shi," ya ce. "Ni ba zan bar motata a dajin nan ba."

Haka ta gangara ita kaɗai, tsinin takalmi yana nutsewa tana zarowa, ƙaya tana kama mata gashin kwat. A tsakiyar layin ga sawun wata siririyar taya ya bi ta kan tudu-tudun da ba ruwa, ya tafi abinsa sumul. Ta bi sawun tana tsine masa.

Ɗakin katako ne a kan ginshiƙai, an yi masa rufin kwano, bai kai kicin ɗinta girma ba. Ga tulin itace an faskare an jera a gefe. Ga kwale-kwale a kife. Ga baƙar tukunyar uwarsa a rataye kan wuta a waje, tana tafasa, ƙamshin kifi da jan barkono ya cika wurin. Vitomir yana zaune a kan kututture cikin fasasshen kwat ɗinsa, yana fere dankali. Ya yi gemu fari, wanda bai yi masa kyau ba ko kaɗan.

Ya ɗago ya gan ta, ya miƙe. "Lepa. Kin ɓata takalmanki."

Ba ta kula shi ba. Ta hau matakala ta tura ƙofa. Gado ɗaya siriri, bargo ɗaya. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya a kan tebur. Rediyon tana kan taga tana magana ƙasa-ƙasa. Keken a ninke a ƙarƙashin gado. Ta duba bayan ƙofa, ta shinshina matashi, ta buɗe ɗan akwatin da ke lungu. Babu ɗankwali, babu turare, babu ko gashin mace ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Da ta sami mace da ta san abin yi. Amma a ce mutum ya bar ta, ita Leposava, ya bar ɗumin gida da girkinta, ba don kowa ba sai don wannan kejin kaji da sauro!

Ta fito ta tsaya a kan matakala, inda ta fi shi tsayi sosai.

"To, an ga wasan. Ka burge. Tattara tsummokaranka mu tafi, Yaya yana jira."

"Ba zan koma ba, Lepa."

"Saboda me? Na taɓa barin ka da yunwa? Ka taɓa sa riga ba guga? Wane namiji ne a ginin nan ake kula da shi kamar kai?"

"Babu."

"To me?"

Ya juya dankalin da ke hannunsa, ya dube shi kamar amsar tana jikinsa. "Ba fushi nake yi ba. Kunnena ne ya gaji. A nan idan na zubar da miya, na zubar ke nan, sai in goge. Idan na ga tsuntsu, na gan shi."

"Tsuntsu," in ji ta. "Ka bar aure saboda tsuntsu."

"Zauna ki sha miya. Ta kusa nuna."

"In sha me? Ruwan taɓo a tukunyar mayu? Dube ka, don Allah. Kamar mahaukacin tasha. Mutane suna tambayata, me kake so in ce musu?"

"Faɗa musu abin da kika saba faɗa. Ai ba su taɓa jin alherina a bakinki ba, ba za su yi mamaki ba."

Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba da ya faɗa. Daga sama aka jiyo hon ɗin motar Ratko, yana ta dannawa ba ƙaƙƙautawa.

"Motar ta maƙale ko?" in ji Vitomir. "Kowa ya shigo da mota sai ta maƙale. Bari in kira mai tarakta a ƙauye."

Ya shiga ya jawo keken, ya buɗe shi, ya soke wando cikin safa. Ta bi bayansa a ƙafa tana kallon yadda yake hawa gangaren yana wulwula ƙafafu, ya ratsa ta gefen baƙar motar, ya kaɗa wa Ratko ƙararrawa don ya matsa. Ratko ya matsa.

Sai da la'asar aka fito da motar. Mai taraktan ya ja ta da sarƙa, ƙarfen gaba ya ɓalle, Ratko ya yi kamar zai yi kuka. Bai ce wa surukinsa ko sannu ba, duk jawabin da ya shirya a hanya kuma bai fito ba. Vitomir ya miƙo wa Leposava wata leda ta taga, kifi ne a ciki. Ta ɗaga gilashi.

A hanyar dawowa Ratko ya ce, "Ƙyale shi. Dusar ƙanƙara ta farko za ta koro shi."

"Wa ya ce ina son ya dawo?" in ji ta. "Ka kula da hanya, kai ma tuƙin naka sai a hankali."

Ga mutanen gini ta ce likita ne ya ba shi shawarar iskar kogi saboda ƙirjinsa, ita ce ma ta matsa masa ya tafi. Ga Ilonka ta ce ta huta da wankin safa. Dusar ƙanƙara ta zo ta rufe gari, bakin kogi ya daskare, bai dawo ba. Tijana ta je ta gan shi, ta dawo ta ce ya sa murhu a ɗakin, har ya yi ƙiba. Leposava ta ce kumburi ne.

Cikin watan Fabrairu bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fara yoyo. Ta tara bokiti, ta ɗaure da tsumma, ta kira mai gyara ya ce sai mako mai zuwa. Ba ta kira Vitomir ba. Ta dai kira Tijana ta ba ta labarin yoyon har sau biyu.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Vitomir ne. Yana da mabuɗi, amma ƙwanƙwasawa ya yi kamar baƙo. Ya shigo da keken a hannu ɗaya, akwatin gyara a ɗaya, ya cire takalma ba tare da an ce masa ba. Ya kwanta a ƙasan kicin ya shige ƙarƙashin bututun, ita kuma ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Wa ya yi maka askin nan? Akuya?"

"Ni na yi."

"Ya nuna. Kana warin hayaƙi kamar banda."

"Miƙo min sifana, Lepa."

Ta miƙa masa. Ya gama, ya buɗe famfo ya gwada, ya goge ƙasan da tsumma. Ta haɗa masa gahawa, ya sha a tsaye, da kwat a jikinsa. Tun asuba ta dafa sarma, tukunya guda, irin mai ɗan tsami da yake so. Ta ga ya dubi agogo, ta ga ya ɗauki akwatinsa. Sai ta jawo wata roba mai murfi ta shaƙe ta har baki, ta tura masa.

"Ungo. Ragowa ce, dama karnukan layi zan ba wa."

"Na gode."

"Robar tawa ce. A dawo min da ita."

Bayan mako biyu Ilonka ta ƙwanƙwasa mata, riƙe da robar. Ta ce Vitomir ya zo da safe, lokacin Leposava tana kasuwa, ya bar mata saƙo ya juya don kada jirgi ya wuce shi. An wanke robar tas, an cika ta da bandar kifi, an rufe da takarda.

Leposava ta buɗe ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Kifin kogi. Warin taɓo kawai. Ɗebi rabi, maƙwabciya, ni ba na cin irin wannan."

Ilonka ta ɗiba ta tafi. Leposava ta rufe ƙofa, ta koma kicin, ta tsaya a gaban taga da robar a hannu. Ta ɓare ɗaya ta ɗanɗana, ta ɓare na biyu. Sai da ta ga ƙasan robar sannan ta lashe yatsunta.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. "Ko wannan ma bai iya ba."